Fangali Goma a Fadamar Dukku: Kundin Noman Ranin Ɗalibanmu

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Yau Hajiya mai makaranta ta sa hannu a takardar da na kai mata tun zangon farko. Ta yarda ƙungiyar matasa manoma ta yi noman ranin shinkafa, amma da sharaɗi biyu: kada a taɓa lokacin darasi, kada kuma kuɗin ya wuce abin da na rubuta. Na ce, "Ranki ya daɗe, in Allah ya yarda ba zai wuce ba." Ina faɗa gabana na faɗuwa, domin litar fetur tana neman naira dubu, kuma ba ta san da wani alkawari da na ɗauka ba.

Shekara shida ke nan ina koyar da aikin gona a wannan makaranta mai zaman kanta a Birnin Kebbi. A garin nan ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, daga jihar nan kuma shinkafar Lake Rice ta tafi Legas a 2016. Duk da haka a ajina akwai yaran da ba su taɓa ganin shinkafa tsaye a gona ba, sai a buhu ko a faranti. Suna iya zana saiwarta a takarda su ci maki, amma in ka kai su fadama ba za su raba ta da ciyawa ba.

Yara 24 suka ba da suna, maza 15 mata 9, duk 'yan aji huɗu da aji biyar. 'Yan aji shida na hana su, WAEC na gabansu. Tun a zaman farko suka naɗa wa juna sarauta, da ita zan riƙa kiransu a nan tunda yara ne. Akwai Ma'aji, yarinya 'yar aji biyar da ke riƙe da littafin lissafi. Akwai Sarkin Ruwa, mai son kwance duk abin da ke da noti. Sai Sarkin Noma, wani yaro daga wani ƙauye ta wajen Bunza da kawunsa ke biya masa kuɗin makaranta. Kujerar baya yake zama, Turanci na ba shi wahala, kuma na lura da zolaya aka ba shi sarautar. Bai ce uffan ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun je mun ga wurin. Wani dattijo ne, kakan ɗaya daga cikin ɗalibanmu, ya ara mana gefen gonarsa a fadama ta wajen Dukku, har da izinin amfani da rijiyarsa ta bututu da injin ban-ruwa, mu dai mu zuba mai. Ya tsaya ya ƙare wa yaran kallo, da fararen safa da kambas, ya ce, "Malam, ɗiyan ga na birni suna shiga laka kuwa?" Na ce, "Baba, shi ya sa muka kawo maka su."

Mun auna fangali goma, kowane mita 5 da mita 10. Jimla murabba'in mita 500, wato kashi ɗaya cikin ashirin na hekta. Biyar za mu yi musu dashe a layi, biyar watsi, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, a ƙarshe mu auna mu ga wanne ya fi. Baba ya ji bayanin ya yi dariya, ya ce shi ya san amsar tun kafin a haifi iyayen yaran. Ma'aji ta ce, "Baba, kar ka gaya mana." Ya ce ya ji.

Laraba, 15 ga Janairu

Mun jiƙa iri. Faro 44 muka saya, wanda manoma ke kira sipi, kilo uku: ɗaya na reno, wato wanda za a tsirar a tuge a dasa, biyu na watsi. Muka zuba a bokiti, muka kwashe duk abin da ya taso saman ruwa muka zubar. Ƙwaya ɗari kuma muka ƙirga muka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma don mu ga nawa za su tsira.

Littafi ya ce a jiƙa kwana ɗaya, a tsame, a rufe cikin buhu kwana ɗaya ko biyu har ya fasa baki. Na ce a ajiye buhun a ɗakin gwaje-gwaje. Daga baya na ji an ce, "Malam, can da sanyi, ba zai fasa ba." Sarkin Noma ne. Ya ce a gidansu kusa da murhu ake ajiyewa. Sai muka kai ɗakin maigadi, inda kaskon wuta ke kwana.

Asabar, 18 ga Janairu

Ya fasa baki tas. A tsumma 87 suka tsira cikin ɗari, Ma'aji ta rubuta. Mun shuka reno, mun watsa na watsi, duk yau, don kada wani ya ce an fifita ɓangare ɗaya.

Laraba, 29 ga Janairu

Hunturu ya matsa, hazo ko'ina. Renon ya tsaya cik, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa. Yara suka ce a ƙara taki, ni ma zuciyata ta karkata can. Baba ya hana. "Ba yunwa yaka ji ba, sanyi yaka ji. Ku bar shi da ruwa da dare, da hantsi ku rage." Ruwan yana riƙe ɗumin rana ya kwana da shi, wannan na sani a karatu, amma ban taɓa haɗa shi da reno mai rawaya a gabana ba. Dashen da na sa wa rana 8 ga Fabrairu na ɗaga da mako guda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar dashe. Renon ya kwana 28, ya wuce kwana 21 da ake so, amma sanyi ne ya ja.

Tun bakwai da rabi motar makaranta ta sauke mu. Kafin a shiga laka na ba su lissafi: in tazarar kowane tushe da ɗan'uwansa santimita 20 ce ta kowane gefe, tushe nawa fangali biyar za su ci? Suka duƙufa a kan kunya da biro. Amsar 6,250 ce. Da suka ji adadin sai wurin ya yi tsit, wata ta ce, "Malam, duk da hannu?"

Mun ɗaure igiya mai ƙulli-ƙulli, yara biyu na riƙe da bakinta, sauran suna jere suna dasawa suna ja da baya. Awa ta farko ɓarna ce zalla. Wasu su cusa dashen har wuya, wasu su ɗora shi sama ruwa ya kwashe, wani ya damƙo guda goma ya danna a rami ɗaya don ya gama da wuri. Ni ina ta ihu daga kan kunya, muryata ta dishe, ba abin da ya gyaru. Can na hango Sarkin Noma ya gama layinsa, ya koma yana gyara na maƙwabcinsa ba tare da ya ce masa komai ba. Na kira shi na ce ya nuna wa kowa. Ya yi jim, kamar mai tsoron wata sabuwar zolaya, sannan ya ɗauki dashe biyu tsakanin yatsu uku, ya nutsa su iya gaɓar yatsa ɗaya, ya saki. Ya ce in an zurfafa ba ta 'ya'ya da yawa. Da Hausarsa ta gida ya yi bayanin, kuma ban ji wanda ya yi dariya ba.

Daga nan aiki ya miƙe. Mun tashi bayan azahar da fangali huɗu, na biyar Baba da jikokinsa suka ƙarasa mana da yamma, Ma'aji kuma ta rubuta hakan a littafi, ta ce ba za a ce mu muka yi duka ba. Ta kuma rubuta awannin da aikin ya ci, abin da ni ban ma ce a rubuta ba. Watsin wancan ɓangaren, in ba a manta ba, yaro ɗaya ya yi shi cikin minti ashirin.

Safa guda bakwai suka ɓace a laka. Ina jiran iyaye ranar Litinin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tafiyar Argungu. Yara 19 suka je, biyar iyayensu ba su sa hannu ba. Ban matsa wa kowa ba. Tun sace ɗaliban da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, duk uban da ya ce ɗansa ba zai hau motar makaranta ya bar gari ba, ba ni da bakin ba shi amsa. Mun tashi da safe, muka yi alkawarin dawowa kafin la'asar, kuma mun cika.

Gidan Tarihi na Kanta muka fara zuwa. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, tun 1831, suna zaune a ciki har 1942, a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi. Yaran sun ga takubba da masu da kwari da baka da tambura, sun ga kayan su, sun tsaya a inda kaburburan sarakuna suke. Mai zagayawa da mu ya ba su labarin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a ƙarni na 16 ya gina Surame. Wani ɗan aji huɗu ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ta fi duk waɗanda na shirya musu: in nan ne Sarkin Kabi yake, me ya sa garinmu ake ce masa Birnin Kebbi, kuma Sarkin Gwandu ke zaune a ciki? Malamin tarihi da ya rako mu kamar an ba shi kyauta. Ya faro daga 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, ya bi da su yadda Kabawa suka koma suka kafu a Argungu suka yi shekaru suna fafatawa da Gwandu da Sakkwato, da yadda aka dawo da fadar Gwandu garinmu a zamanin Turawa. Ya ce shi ya sa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ta zama abin tunawa, daga ita bikin kamun kifi ya samo asalin yadda aka san shi yau. A cikin motar akwai jikokin ɓangarorin biyu, suka yi ta tsokanar juna har Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifin.

A Matan Fada ruwa kwance lumui, ba kowa sai 'yan masunta. A lokacin wannan ziyara tamu ta 2025, rabon da a yi bikin tun Maris na 2020, duk da cewa UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Wani masunci ya nuna musu yadda ake kwanciya a kan gora da homa a hannu biyu. Sarkin Ruwanmu ya so ya gwada, na ce sarautarsa ba ta kai nan ba.

Babban kamfanin casar shinkafa na WACOT daga waje kawai muka gan shi, da manyan motoci a layi. Laifina ne, ban rubuta takardar neman izini da wuri ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma abin da ya maye gurbinsa ya fi mana amfani. Wata malamarmu tana da inna a garin mai sana'ar gumi, can muka je. Tsakar gida cike da shanya, tukwane na tururi. Innar ta nuna musu yadda ake wanke shanshera a kwashe fanko, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, da safe a turara har ɓawon ya fara tsagewa, sannan a shanya. Ta ce shanyar ce sirrin: in rana ta buge ta da yawa lokaci ɗaya, a inji za ta kakkarye, mai saye ya ce tsaki ce ya karya kuɗi. Ma'aji ta tambaye ta, "Inna, buhu ɗaya na shanshera kwano nawa yake ba ki?" Innar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar wa ce? Wagga tambaya ta dillalai ce." Amma ta gaya mata, a kunne.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An rufe makaranta yau. Gwamnatin jiha ta gyara jadawalin karatu saboda azumi, makarantun gwamnati da masu zaman kansu duka, sai 7 ga Afrilu. Ni da na tsara aikin nan tun zangon farko ban yi lissafi da wannan ba. Makonni biyar ɗin da shinkafa ke 'ya'ya, take son ruwa da taki da cire ciyawa, su ne makonnin da ba ni da yara, ba ni da mota.

Mun zauna mun yi jadawali. Yara takwas da gidajensu ke kusa, kuma iyayensu suka yarda, za su riƙa zuwa bibbiyu bayan asuba. Sarkin Noma ya kamata ya tafi gida hutu. Ya ce zai roƙi kawunsa ya zauna.

Talata, 11 ga Maris

Kwana huɗu ba ruwa a fangali. Injin yana tashi, yana ƙara, amma ba ya jan ko ɗigo. Baba ya tafi ta'aziyya Jega, ni kuma na kai wa wani makanike, ya canza filogi ya karɓi kuɗinsa, muka dawo jiya-i-yau. Ƙasa ta fara darewa. Yau da safe Sarkin Ruwa ya durƙusa ya kara kunne jikin tiyon da ke shiga rijiya, ya ce yana shan iska. Tsaga ce 'yar ƙarama kusa da maɗauri. Ya yanko robar tsohon tayar babur ya naɗe, muka cika injin da ruwa muka ja igiya, sai ga ruwa. Da azumi a bakinmu muka yi kabbara kamar an ga wata.

Da Baba ya dawo ya ga darewar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ruwa ka noman shinkahwa, Malam, ba taki ba."

Litinin, 24 ga Maris

Mun zuba kashi na biyu na yuriya. Gaba ɗaya abin da fangali goman suka ci: takin kamfa (NPK) kilo 10, yuriya kilo 5, an raba daidai.

Kwana huɗun nan na rashin ruwa sun tayar da ciyawa, kuma a nan bambancin ɓangarorin ya fara fitowa. A na dashe kana bin layi kana tugewa. A na watsi ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka shinkafa ba, ga wata ciyawa da ta yi kama da ita kamar an tsaga kara. Yara suka yi ta tuge shinkafa suna barin ciyawa. Sarkin Noma ya nuna musu: a duba inda ganye ya rabu da kara, shinkafa tana da wasu 'yan kunnuwa masu gashi a wurin, ciyawar ba ta da su, sumul take. Wannan yana cikin littafin da nake koyarwa da shi, da zane da sunan Latin. Na tuna na taɓa tambayarsa a jarrabawa, kuma na tuna yaron nan bai ci ba.

Abin ya tsaya mini a rai har bayan shan ruwa.

Laraba, 9 ga Afrilu

An dawo. Waɗanda ba su ga gonar ba tun Fabrairu suka tsaya baki buɗe. Ta watsi ta fara fitar da kai, ta dashe tana da ciki tukuna. Dalilin shi ne dashe yana jinkirta ta, sai ta yi kwanaki tana jinyar tugewa kafin ta kama ƙasa.

Hajiya ta zo da kanta, karo na farko, da mai ɗaukar hoto. Ta sa an kafa allo mai sunan makaranta a bakin gona. Ban ga laifinta ba, makarantar kuɗi ce, da abin da iyaye suka gani ake cika aji. Na dai roƙa a ɗauki Baba a hoton. Ya ƙi, ya ce rigarsa ba ta hoto ba ce.

Zafi ya kai inda ya kai. Ina tsoron furen da zai buɗe a irin wannan rana, domin zafi mai tsanani lokacin fure shi ke kawo fanko.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tsuntsayen jan-baki sun iso. Duk wanda ya yi noman rani a Kebbi ya san su, wata shekarar har jirgin feshi ake ɗaukowa saboda su. Suna zuwa da sassafe da kuma yamma, daidai lokacin da ƙwaya ke da madara, su matse su tsotse su bar maka ɓawo fari. Mun ja igiyoyi mun rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mun ɗaura ledoji, mun kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar makaranta. Kwana biyu suka ji tsoronsa, a na uku na ga ɗaya zaune a kafaɗarsa.

Da safe yaranmu na aji, ba mai tsaro. Dole muka ɗauki jikan Baba da majajjawarsa, muna biyansa. Wannan ba ya cikin takardar da Hajiya ta sa wa hannu. Kuma da yake ta watsi ce ta riga nuna, a kanta suka fi sauka.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun yanke ta watsi. Lauje shida muka aro. Yanka, ɗauri, bugu a jikin durom a kan tamfol, sheƙa. Mutum ɗaya ya yanke yatsa, ba sosai ba.

Talata, 20 ga Mayu

Ta dashe mun yanke ta ranar Asabar, yau ta gama bushewa. Baba ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ta ce ƙas, ya ce a auna. Da sikeli mai rataye muka auna a gaban kowa, Ma'aji na rubutawa, wani na sake dubawa.

Dashe: kilo 118. Watsi: kilo 83. Jimla 201.

In aka mayar da shi lissafin hekta, dashe ya ba da wajen tan 4.7, watsi tan 3.3. Yara suka kaure da shewa. Baba ya ce, "To, kun ji amsar da munka sani." Malamin addini da ya zo kallo ya mayar da wurin aji, ya tambaye su ko akwai zakka. Suka yi ta gardama, har ya warware musu: nisabin hatsi wasaƙi biyar ne, sa'i 300, namu bai kai ko kusa ba; da ya kai, tunda da inji aka shayar, rabin ushiri za a fitar, ba ushiri ba kamar na damina. Baba kuma ya ƙi karɓar ko kwano ɗaya na aron gona. Karan kawai ya ce a bar wa shanunsa.

Asabar, 24 ga Mayu

Wasu makarantu masu zaman kansu na garin nan sun haɗu sun yi baje kolin ayyukan kimiyya na ɗalibai, makarantu tara, muka kai namu. Tun ranar Alhamis aka so a samu saɓani. An rubuto mana babban kwali daga ofis cewa ɗalibanmu sun tabbatar dashe ya fi watsi da kashi 42 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, 118 a kan 83. Ma'aji ta karanta ta ce ita ba za ta tsaya a ƙarƙashinsa ba. Na ce me ya sa? Ta buɗe littafinta. Ta ce na farko, tsuntsaye sun yi kusan mako suna cin ta watsi kafin ta dashe ta nuna, ba mu san nawa suka ci ba. Na biyu, wajen cire ciyawa mu da kanmu mun tuge shinkafa a ɓangaren watsi. Na uku, dashen ya ci wunin mutum fiye da ashirin, in manomi zai biya 'yan ƙwadago sai an cire wannan kafin a ce ya fi riba. Ta ce abin da muka gani shi ne dashe ya fi a gonarmu a bana, ba mu tabbatar da komai ba.

Gaskiya ni kaina na riga na haɗiye kashi 42 ɗin nan, ya yi mini daɗi a baki. Na ɗauki littafin na kai wa Hajiya, ina shirin jin faɗa. Ta karanta shafukan a tsanake, ta ce, "Malam, yarinyar nan 'yar wane aji ce?" Na gaya mata. Ta ce a sake kwalin yadda yarinyar ke so, amma sunan makaranta ya fito da manyan baƙaƙe.

Yau a wurin, ɗaya daga cikin alƙalan, wani malamin jami'a, ya daɗe a teburinmu yana juya littafin, har shafin safa bakwai ya karanta. Sai ya ɗauki damin da muka kai ya tambayi dalilin fankon da ke saman wasu zangarniyoyi. Ma'aji ta waiga ta kalli Sarkin Noma. Ya fara da Turanci ya sarƙe, ya yi shiru, gumi na keto masa. Alƙalin ya ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa." Ya ce iri biyu ne: wanda tsuntsu ya tsotse za ka ga ɓawon a matse da farin busasshen ruwa a jikinsa, wanda zafi ya kashe kuwa ɓawon lafiya lau yake, ciki ne ba komai. Ya ware masa su a tafin hannu, wannan gefe, wancan gefe.

Mun zo na biyu. Na ɗaya wasu yara ne da suka haɗa na'urar ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma sun cancanta. Sarkin Ruwa ya ƙi barin teburinsu har aka tashi, ya dawo da zane a bayan takardar shiga.

Laraba, 28 ga Mayu

Mun rufe lissafin kuɗi. Mun wuce abin da aka amince, fetur lita 34 da kuɗin tsaron tsuntsu ne suka ja. Na rubuta wa Hajiya bayani, ban samu amsa ba tukuna.

Zaman yau ya yi zafi a kan yadda za a yi da kilo 201. Wasu na son a sayar a cike giɓin, wasu na son a dafa ranar rabon sakamako kowa ya ci. An tsaya a kan a ware kilo 15 daga ta dashe a matsayin iri, sauran a yi gumi. 'Yan matan sun ce su za su yi da kansu a harabar makaranta yadda innar Argungu ta nuna, an sa ranar Asabar mai zuwa, in an samu aron manyan tukwane biyu da itace. Dole a gama shanya kafin Babbar Sallah, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Maganar damina ba a yanke ba. Baba ya ce gefen da ya ara mana ruwa na cinye shi in gulbi ya cika, a 2020 ko kan kunya ba a gani ba. Ya ce akwai wani wuri can sama kaɗan, amma sai ya yi shawara da ƙanensa. Ma'aji na son a maimaita gwajin, a jinkirta watsin da kwana goma don ɓangarorin su nuna tare. Na ba Sarkin Noma aikin rubuta yadda ake dashe, shafi ɗaya da Hausa, ni da shi mu mayar da shi Turanci ranar Litinin bayan tashi.

Lauje biyu cikin shidan da muka aro ba su dawo ba. Na san a jakar wa ɗaya yake.